Daga Aku zuwa Ayana: tambayoyin da ake yi mini a kan littattafan hikaya

Shekara 24 ke nan ina koyar da Hausa a makarantar sakandare, amma cutar karatun littafi ta riga aikin kama ni. Ɗalibai da abokan majalisa, har da surukaina, duk wanda ya ga jakata a kumbure sai ya jefo tambaya. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne, bakin da ya yi su ne kawai yake bambanta. Shi ya sa na tara su wuri guda, na amsa kamar yadda nake amsawa in muna zaune a kan tabarma bayan La'asar. Ra'ayina ne, wanda ya ga akasin haka ba mu yi faɗa ba.

Malam, a duk littattafan da ka karanta wanne ka fi so?

Wannan kamar a ce wa mai 'ya'ya goma ya nuna ɗan gaban goshinsa ne a gabansu. Amma tunda littattafai ba sa kishi, zan faɗa: *Magana Jari Ce* na ɗaya.

Ina aji huɗu a firamare na tsince shi a akwatin ƙarfen yayana. Ba bango, ɓera ya ci gefe, shafukan farko kuma sun bi iska. Saboda haka ta tsakiya na faɗa cikin labarin. Ga wani aku yana ta zuba wa ɗan sarki labari, dare bayan dare, ni kuwa ban san dalili ba. Sai bayan kusan shekara biyu na samu cikakke a hannun wani ɗan ajinmu, na gane ashe dabara ce. Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi ya bar ɗansa Musa a gida, Waziri yana ƙulla makirci, aku kuwa yana riƙe yaron da labari ne don kada ya sa ƙafa waje. Ranar nan na ji kamar wanda ya daɗe yana lasar miya sai yau aka miƙo masa tuwon. A zaure nake karatu da fitilar ƙwai, Inna tana leƙowa tana cewa, "Kai wannan yaro, kananzir ɗin nan a rijiya ake ɗebo shi?"

Yanzu da furfura ta fara leƙowa, *Shaihu Umar* yana neman ture aku daga kujerarsa.

Me ya sa kullum sai an ambaci littattafan 1933, kamar bayansu ba a sake rubutu ba?

Saboda daga nan ƙagaggen labari a rubuce ya samo tushe. Kada dai wani ya ruɗe ka ya ce Bature ne ya koya wa Bahaushe rubutu. Ajami ya riga ya cika gidajen malamai da waƙoƙin wa'azi, irin na Shehu Usmanu da Nana Asma'u, da tarihi da wasiƙu. Abin da ba a saba da shi ba shi ne babban mutum ya zauna ya ƙago dogon labari a zube ya sa a takarda. A wurin malaman lokacin, wannan aikin tsofaffin mata ne da yara bayan an ci tuwon dare. A 1933 hukumar talifi da ke Zariya, a ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta sa gasa, aka samu littattafai biyar: *Ruwan Bagaja* na Abubakar Imam, *Ganɗoki* na yayansa Bello Kagara, *Shaihu Umar* na Abubakar Tafawa Ɓalewa, *Idon Matambayi* na Muhammadu Gwarzo, sai *Jiki Magayi* na John Tafida tare da East.

Tsufa ba ya sa na rufe ido na ce duk ɗaya suke. Farkon *Ganɗoki*, inda ake gwabzawa da Turawa, yana sa jinin mutum ya motsa, kirari kamar ana buga tambari. Da ya tsallaka ƙasashen aljannu kuwa sai na fara hamma, don jarumin da ba a taɓa kayar da shi ba ya sa ka fargaba. *Idon Matambayi* labarin ɓarayi ne da dabarunsu, na karanta na yi dariya na wuce. *Jiki Magayi* shi ne kakan littattafan soyayya, ko masu zaginsu sun so ko sun ƙi: saurayi da budurwa suna son juna, mai kuɗi ya shigo ya raba su, ramuwar gayya ta cinye kowa.

*Shaihu Umar* kuwa ban gane shi ba sai da na haihu. Ina yaro na ɗauke shi littafin jarrabawa, mai sanyi, ba abin dariya. Shi kansa Umar yana ba da labarin bautar da ya sha da murya ɗaya tun daga farko har ƙarshe, kamar mai biya wa almajirai karatu. Zuciyar littafin tana wurin uwarsa. Matar nan ta fita neman ɗanta da aka sace, ita ma aka mai da ita baiwa, ta ƙetare Sahara, ta yi ido biyu da shi a Tarabulus, ba ta daɗe ba ta cika. A 'yan shafuka kaɗan aka ba da wannan. Duk lokacin da na zo wurin a aji nakan sa ɗalibi ya karanta, ni na juya wajen allo.

An ce Abubakar Imam labaran wasu ya kwashe. Wannan ba satar fasaha ba ce?

Wannan tambayar takan fito ne daga bakin wanda ya shiga jami'a kwanan nan, ya ji abin a aji, ya dawo yana ganin ya kama ɓarawo da kaya a hannu. To, gaskiya ne an aro, kuma ba wanda ya ɓoye. East ne ya tara wa Imam littattafai na Larabci da na Turanci a Zariya a 1936, ya zauna ya yi aikin, aka fara fitar da *Magana Jari Ce* a 1937. A ciki akwai abin da ya fito daga *Alfu Laila*, akwai na *Kalila wa Dimna*, akwai tatsuniyoyin Jamusawa. Shi kansa akun ɗan Indiya ne. A can akwai tsohon littafi na labarai 70 da wani aku ya ba matar ubangidansa, dare bayan dare, don ya hana ta fita wurin kwarto yayin da mijin ya yi tafiya.

To duba abin da Imam ya yi da wannan. Ya san ba zai kai wa yaran elementare labarin matar aure mai shirin tsallake katanga ba. Sai ya cire matar ya sa ɗan sarki, ya cire kwarto ya sa yaƙi, ya kawo Waziri maci amana, ya gina fada irin tamu da bayi da dogarai da fadanci. Ƙashin bayan labarin yana nan, amma naman duk na gida ne. Haka *Ruwan Bagaja*. Duk wanda ya zauna gaban malami a zaure ya karanta *Maƙamatul Hariri* zai ga inuwar mutanen nan biyu masu haɗuwa gari gari a cikin Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman. Amma wa zai ce Zurƙe ba ɗan unguwarsu ba ne? Kowane gari akwai nasa Zurƙen.

Ma'aunina ɗaya ne: baƙon da aka kawo ya koyi maganar gidan, ko kuwa an dai zura masa babbar riga ne a kan kwat? Kakata in ta ce "Ga ta nan, ga ta nanku," muka ce "Ta zo mu ji ta," Gizon da za ta kawo ba daidai yake da na kishiyarta ba, alhali tatsuniyar ɗaya ce. A bakin ɗaya Gizo ya sha da ƙyar, a bakin ɗayar Ƙoƙi ta tona masa asiri. Ba wanda ya taɓa kai su gaban alƙali. Labari haka yake tafiya tun fil azal, daga baki zuwa baki, kowa ya sa masa gishirinsa.

Satar da na yarda sata ce ita ce mutum ya kalli fim ɗin Indiya, ya kwafe shi fitowa bayan fitowa, ya canza sunaye kawai, har da rawar cikin ruwan sama ya bari, sannan ya buga ƙirji ya ce daga ƙwaƙwalwarsa ya fito. Abu ɗaya da zan ce game da littattafan da: ba su rubuta inda aka samo kowane labari ba. A zamaninsu ba a damu ba. Marubucin yau kuwa ba shi da wannan uzuri, layi biyu a farkon littafi sun isa.

Da gaske ne Iliya Ɗan Maiƙarfi ba Bahaushe ba ne?

Da gaske ne, ka yi haƙuri. Ɗan Rasha ne. Sunansa a can Ilya Muromets, gwarzon tsofaffin waƙoƙinsu na baka, wanda ya yi shekaru a zaune ba ya iya tafiya har wasu baƙi suka zo suka warkar da shi. Sarki Waldima shi ne Vladimir, birnin Kib kuwa shi ne Kiev, babban birnin Yukiren na yau, wanda muke ji a labaran yaƙi. Ahmadu Ingawa ne ya kawo shi gida, ya rubuta labarinsa da Hausa, da shi da dokinsa Kwalele.

Na taɓa faɗar wannan a majalisa, wani dattijo da ke sayar da goro kusa da mu ya aje wuƙarsa ya ce, "Malam, ka ji tsoron Allah. Iliya mai Kwalele? Ai wannan namu ne." Ban ja da shi ba. In har mai goro zai yi rantsuwa a kan gwarzon Rashawa, to Ingawa ya gama aikinsa, ba sauran abin da manazarci zai ƙara.

Mene ne bambancin tatsuniya da tarihihi da tarihi?

Tatsuniya kowa ya san ƙarya ce, mai ba da ita ma da kansa yake rufewa da "ƙurunƙus". Tarihi yana neman hujja, shekara da suna da shaida. Tarihihi yana tsakiya: labarin da al'umma ta riƙe a kan asalinta, akwai wurare na gaske da sunaye na gaske a ciki, amma an cakuɗa da abubuwan al'ajabi. Labarin Bayajida da macijiyar Kusugu tarihihi ne. Haka na Barbushe da Tsumburbura a Dutsen Dala.

Turawa suna ta sake rubuta labaran gumakan Girkawa. Ka karanta? Ya ka gan su?

Na karanta kaɗan, da ƙamus a gefe. Abin da suke yi shi ne su ɗauki labarin da kowa ya sani daga waƙoƙin Homa, tsohon mawaƙin Girkawa, su karɓe shi daga bakin jarumi su miƙa wa wanda aka bari a bakin ƙofa. A tsohuwar waƙar, Odisiyos ya yi shekara 20 ba ya gida, 10 a yaƙi, 10 a hanya. Matarsa tana zaune, manema sun cika gidan suna cinye dukiya, ita kuwa ta ce sai ta gama saƙar likkafanin surukinta za ta zaɓi miji, tana saƙawa da rana tana warwarewa da dare. Da maigidan ya dawo ya karkashe manema, aka kuma rataye kuyangi 12 na gidan. A waƙar, 'yan layuka aka ba kuyangin nan, aka wuce. A 2005 Margaret Atwood, 'yar Kanada, ta rubuta littafi ta ba matar da kuyangin baki. A 2018 kuma Madeline Miller ta Amurka ta ɗauki matsafiyar nan da ta mai da mutanen Odisiyos aladu, ta ba ta littafi sukutum.

Dabarar ta burge ni ƙwarai. Akwai daɗi ka ji labarin da ka sani daga ɗakin girki maimakon daga fada. Amma da abin ya zama yayi, kowa ya ruga, sai na fara jin ɗanɗano ɗaya. Duk macen da aka ɗauko daga shekara dubu uku da suka wuce sai ka ji tana tunani kamar ɗalibar jami'ar Landan ta bana. Mazan duk azzalumai ne, ita kaɗai ce mai hankali, kuma ta san duk abin da mu muka sani. Wannan rainin hankali ne ga matan da. Kakata ba ta taɓa jin kalmar 'yancin mata ba, amma ta san hanyoyi goma na juya kakana ba tare da ta ɗaga murya ba. Irin wannan wayon nake nema a littafi, na zamanin da aka ce ana ba da labarinsa.

Karanta labarin gumaka ba zai taɓa imanin mutum ba?

Ni ba malamin fiƙihu ba ne, mai neman fatawa ya nufi masu ita. Abin da na gani da idona dai shi ne, a zaurukan malamanmu ana karanta waƙoƙin mawaƙan jahiliyya, su Imru'ul Ƙais, ana fassara su baiti baiti don a ƙware a Larabci. Ba a ce wanda ya karanta ya koma jahiliyya ba. Littafin Tarihin Kano ma, wanda da Larabci aka rubuta shi, da labarin Barbushe da tsafinsa ya buɗe kafin ya zo kan Bagauda. Sanin abin da mutanen da suka bauta wa daban, bauta masa daban. Ni dai abin da gumakan Girkawa suka ƙara mini shi ne godiya, don ban taɓa ganin taron masu kishi da gulma da cin amana irinsu ba. Yaro ƙarami kuwa ba na ba shi sai ina kusa.

A cikin labaranmu na gargajiya, wanne kake son a sake rubutawa?

Na Bayajida, amma ba daga bakinsa ba. Shi ya sha magana.

Ka dai san yadda ake ba da shi. Ɗan sarki ya baro Bagadaza, ya sauka Barno, ya auri 'yar Mai, aka raba shi da rundunarsa da dabara, ya gudu da matarsa mai ciki, ya bar ta a Garun Gabas. Maƙeran Gaya suka ƙera masa wuƙa. Ya iso Daura da dare, ya sauka gidan wata tsohuwa mai suna Ayana, ya nemi ruwa, ta ce ba a samu sai ranar Juma'a saboda macijiyar da ke rijiyar Kusugu. Ya karɓi guga ya tafi, ya sare kan macijiya, ya auri Daurama. Ta ba shi baiwa, Bagwariya, ta haifi Karɓagari, ita kuma ta haifi Bawo, daga 'ya'yan Bawo shida da ɗan da aka haifa a Garun Gabas aka sami Hausa Bakwai.

Na je Kusugu sau ɗaya da ɗalibai. An gina wa rijiyar ɗaki, aka ɗebo mana ruwa muka sha, mai kula da wurin yana ba da labari kamar yadda ya saba. Sai wata yarinya 'yar aji biyu ta ja hannun rigata ta ce a hankali, "Malam, ita tsohuwar an ba ta wani abu?" Na rasa amsa. Tun daga ranar Ayana ba ta bar kaina ba. Tsohuwa ita kaɗai, baƙo ya buga mata ƙofa cikin dare a kan wata dabba da ba ta saba gani ba, ta buɗe, ta ara masa guga. Ruwan nan da ta ce babu, ƙila akwai ɗan saura a ƙasan randa da take lallaɓawa ya kai ta Juma'a. Me ta ji da ya dawo da guga cike? Da gari ya waye fadawa suna ta ƙaryar su suka kashe macijiya, ita da ta san gaskiya, me ya hana ta yin shiru?

Ga kuma matar da aka bari a Garun Gabas da tsohon ciki, 'yar sarki guda, a garin da ba ta san kowa ba. Ga Bagwariya, wadda ta raɗa wa ɗanta suna mai tsokana irin wannan a gidan sarauniya. Wace irin zuciya gare ta? Ga ita kanta Daurama, wadda ta gaji sarauta daga jerin sarauniyoyi mata, kuma daga kanta mulki ya koma hannun maza. A daren da ta yanke shawarar auren baƙon nan, ta san abin da take miƙawa? Littattafai huɗu ke nan a cikin labari ɗaya, ba a taɓa ko ɗaya ba a iya abin da ya zo hannuna.

To me ya hana marubutanmu?

Tsoro, sai kasuwa. Girkawa kusan ba su da sauran mai bauta wa gumakansu, kowa ya ga dama ya juya su. Mu kuwa labarin Bayajida yana da masu shi, akwai fada, akwai masu sarauta da suke jingina asalinsu gare shi. Marubuci yana tsoron ya sa wa Daurama kishi ko shakka a zuciya a ce ya ci mutuncin iyayen ƙasa. Saboda haka in an taɓa irin waɗannan labarai sai a yi su kamar kirari: Sarauniya Amina ta hau doki, ta ci gari, ta gina ganuwa, ta sake hawa doki. Ba ta gajiya, ba ta kuskure, ba ta kewar uwarta. Mutum-mutumi ke nan, ba mutum ba.

'Yan'uwanmu na Nijar sun riga mu gwadawa. Sarauniyar Lugu, wadda ta tsaya wa rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine a 1899, tana cikin labaran baka na ƙasar Arewa ta can Nijar. Abdoulaye Mamani ya ɗauke ta ya yi littafi a 1980, Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, duniya ta san ta. Abin da ke ci mini rai shi ne da Faransanci aka rubuta littafin. Labarin Bahaushiya, amma jikokinta da ba su yi lakwal, wato bokon Faransanci, ba sai dai a ba su labarinsa.

Littattafan soyayya fa? Ba su ne suka ɓata tarbiyyar 'ya'yanmu ba?

Na taɓa faɗin haka da bakina, ina sabon malami mai zafin kai. Har ƙwace su nake yi a aji. Wata rana na ƙwace ɗaya, na jefa a aljihun tebur, da aka tashi ba abin yi sai na buɗe. Ban tashi ba sai da maigadi ya zo rufe ofis. Washegari na mayar wa yarinyar, na ce, "Ina na biyun?"

Ga yadda abin ya faro. A shekarun 1980 tattalin arziki ya karye, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya, matasa suka ce ba za su jira kowa ba. Suka riƙa buga littattafansu da kuɗin aljihunsu, ana kai wa masu shaguna a kasuwannin Kano, daga nan su bazu har Maraɗi da Damagaram. Masana suka raɗa musu "adabin kasuwar Kano", aka yi ta muhawara a jaridu, har a 2007 aka yi taron ƙona wasu a Kano. Amma ka tambayi matan aure nawa ne suka iya karatun boko saboda suna son su san yadda za ta ƙare tsakanin wance da wane. A unguwarmu akwai mai hayar littattafai, yara ne ke yi wa matan kulle aike wurinsa, littafi ɗaya sai ya zaga gida goma kafin ya dawo duk ya sha manja.

Kuma ba duka ne zancen "ina sonki" ba. Hafsat Abdulwahid ta fito da *So Aljannar Duniya* tun 1980. Balaraba Ramat Yakubu, wadda ita kanta aka cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, ta rubuta abin da maza ba sa son ji: auren dole, saki ba dalili, mijin da ya kori uwar 'ya'yansa saboda amarya. *Alhaki Kwikwiyo Ne* har Turanci an mai da shi, wani kamfani a Indiya ya buga a 2012.

Laifinsu a wurina na sana'a ne. Shafi uku ana siffanta idon yarinya da gashinta, shafi biyu ana lissafin motocin gidan Alhaji. Kowace tauraruwa fara ce doguwa, kowane saurayi ya dawo daga Ingila. Labarin da zai ƙare a littafi ɗaya sai a ja shi zuwa na huɗu don a sayar sau huɗu.

Na waya fa, waɗanda ake turawa a WhatsApp da Wattpad?

'Yata ce take nuna mini su. Akwai masu baiwa a cikinsu, wallahi akwai. Na karanta wata da ta siffanta zaman layin asibiti da mara lafiya a baya, har warin wurin na ji. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ta nuna cewa in aka ce wa matan nan ga iyakar kalmomi, ga alƙalai, suna iya fitar da abin mamaki.

Matsalar waya ita ce ba mai cewa "a'a". Ba edita, ba mai gyara. Marubuciya tana rubuta shafin yau da dare, masu karatu da suka biya kuɗin shiga suna jira da safe, in suka ce a kashe kishiya sai a kashe ta. Ƙa'idar rubutu kuwa an yi mata jana'iza. Ba ƙugiya, sai ka rasa ko ƙasa ake nufi ko kasa, ko ɓari ko bari. Rabin jimla Turanci. Batsa kuma ta samu ƙofa, don ita ce ke saurin kawo kuɗi. Wannan ba na kare shi.

Fassara tana kai asali daɗi?

In an samu gwani. Bala Abdullahi Funtuwa ya mai da littafin George Orwell *Gandun Dabbobi* a 1975, kuma ɗalibaina ba sa tambayar wace ƙasa ake nufi, da kansu suke kiran sunayen 'yan siyasa. Wadda aka bi kalma da kalma kuwa, gara a bar ni da ƙamus.

Ɗana ba ya son karatu. Da wanne zan fara masa?

Hajiya, kada ki miƙa masa littafi ki ce ya karanta, zai ɗauka horo ne. Ki karanta masa da kanki bayan Isha'i, labari ɗaya daga *Magana Jari Ce*, ki tsaya daidai inda ya fi daɗi, ki ce barci kike ji. Ki aje littafin inda hannunsa zai kai. Dabarar aku ce, ta yi aiki a kan ɗan sarki ma.

Malam, za ka ara mini ɗaya?

A'a.

Da ina bayarwa. Ina da wani tsohon bugu na *Ruwan Bagaja* da na gada daga kawuna, da sunansa a ciki da tawadar alƙalami. Wani abokin aiki ya ara, ya ce kwana uku. Bayan wata biyu na tambaya, ya ce yana wurin matarsa. Matar ta ce ƙanwarta ta tafi da shi Gusau. Shekara 11 ke nan. Muna gaisawa, muna zuwa sunan juna, amma duk sanda ya ce "Malam, ina gajiya?" littafin nan nake gani a goshinsa.

In kana so, ka zo gida ranar Asabar da hantsi. Akwai tabarma a zaure, akwai shayi. Ka karanta a nan, ka aje a nan, kuma kada ka lanƙwasa mini kunnen shafi.